Rashin Hujja da Hujjar Rashi: Tarihin Muhawara a kan Samuwar Allah da Ingancin Littafi Mai Tsarki a Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Samaru Kataf gari ne da ke cikin Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf ta Jihar Kaduna, a tsakiyar ƙasar Atyap, watau mutanen da Hausawa ke kira Katab ko Kataf. Wanda duk ya tsaya a wannan gari ya dubi kewayensa, zai tarar cewa a cikin 'yar tafiya kaɗan akwai wurare huɗu da suka yi suna a tarihi. Akwai Kagoro, inda 'yan mishan suka kafa makarantar koyar da Littafi Mai Tsarki. Akwai Kwoi, mahaifar Byang Kato. Akwai ƙauyen Nok, inda aka fara tono gumakan yumɓu masu daɗaɗɗen tarihi. Sa'an nan akwai Kafanchan, inda gardama a kan littattafan addini ta rikiɗe ta zama tarzoma a 1987. Ko da yake labaran waɗannan wurare sun sha bamban, tambaya ɗaya ce ta ratsa su duka: in an nemi shaidar abu ba a samu ba, shin wannan ya isa a yanke hukuncin cewa babu abin?

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan tambaya a tarihin yankin, musamman dangane da abubuwa biyu da aka fi yin jayayya a kansu, watau samuwar Allah da kuma aƙidar nan da ke cewa babu kuskure ko ɗaya a cikin Littafi Mai Tsarki. Maƙalar ba ta ɗauki nauyin yanke wa wani addini hukunci ba. Abin da ta sa gaba shi ne nuna yadda aka yi amfani da rashin shaida a lokuta daban-daban, da inda aka dace, da kuma inda aka yi tuntuɓe.

2.0 Ƙa'idojin da Ake Gardama da Su

Bahaushe yana cewa gani ya kori ji. Wannan karin magana ta fifita abin da ido ya tabbatar a kan abin da kunne ya jiyo, amma ba ta ce abin da ba a gani ba ƙarya ne ba. A kotun alƙali kuwa, sananniyar ƙa'ida ce cewa mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musa kuma a ba shi rantsuwa. In mai da'awa ya gaza, sai a kori ƙararsa, to amma korar ƙara ba ta tabbatar da cewa abin da ya faɗa bai faru ba. Iyakarta dai ba a gamsar da kotu ba. Malaman usulu ma sun daɗe da bambancewa tsakanin rashin samun dalili da kuma samun dalilin rashi.

Daga nan za a iya fitar da ma'auni guda wanda za a yi ta komawa gare shi. Rashin shaida yana da nauyi gwargwadon abubuwa biyu: na farko, ko abin da ake magana a kansa irin wanda lalle zai bar alama ne; na biyu, ko an nemi alamar a inda ya kamata, da kuma yadda ya kamata. Alal misali, in aka ce garken shanu ya ratsa gona da damina, aka je ba a ga sawun kofato ko ɗaya ba, to rashin sawun hujja ce mai ƙarfi. In kuwa aka ce tsuntsu ya gilma ta saman gonar, rashin sawu bai nuna komai ba.

Ita kuwa aƙidar rashin kuskure, abin da masu ita ke nufi shi ne, tun da Littafi Mai Tsarki hurarre ne daga Allah, to duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ko ya shafi ceto ne, ko tarihi, ko lissafin shekaru. Sai dai suna taƙaita wannan ga rubutun asali da ya fito daga hannun marubutan farko, ban da kwafe-kwafen da suka biyo baya.

3.0 Turawa da Addinin Gargajiya

Karo na farko da aka yi wa mutanen Afirka hukunci da rashin shaida, a kan sanin Allah aka yi shi. A shekarun 1860, Bature mai yawon bincike Samuel Baker ya bayyana cewa ƙabilun da ya gani a kwarin Nilu ba su da masaniya da wani Ubangiji Maɗaukaki. Dalilinsa bai wuce cewa bai ga ɗakin ibada ba, bai ga littafi ba, bai kuma ga irin malaman addinin da ya saba gani a ƙasarsu ba. Da irin wannan tunani ne wasu jami'an mulkin mallaka suka shigo tsaunukan Kudancin Zariya a farkon ƙarni na 20. Sunan da A.J.N. Tremearne ya ba littafinsa na 1912, wanda ya siffanta mutanen yankin Kagoro da masu wutsiya kuma mafarautan kawuna, ya isa ya nuna irin idon da aka dube su da shi.

Amma da bincike ya yi zurfi, sai lamarin ya sake kama. Rubuce-rubucen C.K. Meek a kan Katab da maƙwabtansu, waɗanda suka fito a tsakanin 1928 da 1931, sun nuna cewa mutanen suna da sunan Ubangijin sama. Atyap na kiransa Agwaza, su kuwa Ham, watau Jaba, suna kiransa Nom. Shaidar tana nan tun fil azal, a cikin rantsuwa da sa albarka da addu'ar dattawa, sai dai baƙon da bai ji harshe ba ya neme ta a inda ba ta. Wannan shi ne kuskure iri na farko: neman alama a wurin da ba nan take ba, sa'an nan a ɗauki gazawar mai nema a matsayin shaidar babu.

Har wa yau akwai wani darasi na dabam a cikin addinin gargajiyar yankin. Al'adar Abwoi, wadda Hausawa ke kira dodo, ta ginu ne a kan cewa muryar da ake ji daga ɗakin tsafi ta kakannin da suka rasu ce. Mazan da aka shigar cikin asirin sun san cewa da wani ɗan abin busa ake sauya muryar, amma an ɓoye wannan ga mata da yara. Ayyukan dodo a zaman al'umma suna da yawa, ciki har da tsawatarwa da kiyaye doka, to amma da'awar da ke ƙarƙashinsa irin wadda za a iya binciken ta ce da ido. Da masu barin al'adar suka yawaita, asirin ya daina ɓoyuwa, sai tsoron dodo ya ragu ƙwarai. Imani da Agwaza kuwa bai gushe ba, illa dai ya sami sabon mazauni a cikin majami'a. Ke nan tun a wannan mataki an ga cewa ba duk da'awar addini ce ake aunawa da mudu ɗaya ba.

4.0 Zuwan Mishan da Littafi Mai Tsarki na Hausa

Ƙungiyar mishan ta SIM ta fara ne a 1893, lokacin da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Ikko da nufin shiga ƙasar Sudan. Biyu na farko sun rasu a 1894, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bayan da Turawa suka ci ƙasar Arewa, gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a cikin masarautun Musulmi, ta sake musu mara a yankunan masu addinin gargajiya. Saboda haka ne SIM ta kafa tasha a Kwoi a 1910, ta kuma kafa a Kagoro a ƙarshen shekarun 1920, daidai lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta mai da Kafanchan mahaɗa. Jaba da Kagoro suna da sarakunansu na kansu, alhali gundumar Zangon Katab tana ƙarƙashin Zazzau. A farkon shekarun 1930 aka buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro, wadda ta horar da masu bishara da suka bazu cikin ƙasar Atyap da Bajju da sauransu. A 1954 ikilisiyoyin da SIM ta kafa suka dunƙule suka zama ECWA.

Littafin da waɗannan masu bishara suka riƙa cikin Hausa yake. J.F. Schön ya fara fassara sassansa tun a tsakiyar ƙarni na 19, amma sai a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Dokta Walter Miller na Zariya yana cikin manyan waɗanda suka yi aikinsa. Da kalmar Allah aka fassara sunan Ubangiji, kuma kalmomi irin su annabi da mala'ika da aljanna duk an gaje su ne daga Hausar Musulmi. Wannan ya sa Kirista da Musulmi na yankin suka sami kansu suna magana da kalmomi ɗaya a kan littattafai biyu, abin da ya sauƙaƙa fahimtar juna, ya kuma sauƙaƙa gardama.

Wajibi ne a lura cewa 'yan mishan ɗin sun taso ne daga cikin wata taƙaddama da ke ci a ƙasashensu. Littafin Charles Darwin na 1859 da nazarin Julius Wellhausen na 1878 a kan tushen Attaura sun girgiza majami'un Turai da Amurka. Wani abin lura kuma shi ne, ɗaya daga cikin manyan girgizar daga Afirka ta taso. Bishop John Colenso na Natal yana cikin fassara Littafin Farawa zuwa harshen Zulu, sai mataimakinsa William Ngidi ya tambaye shi ko da gaske ya yarda da labarin jirgin Nuhu kamar yadda yake a rubuce. Tambayar ta hana shi sakat, har ya wallafa littafi a 1862 yana lissafa matsalolin alƙaluman da ke cikin Attaura. Martanin masu ra'ayin riƙau shi ne ƙarfafa aƙidar rashin kuskure, kamar yadda A.A. Hodge da B.B. Warfield suka tsara ta a 1881. Daga wannan ɓangare ne SIM ta fito, kuma wannan aƙida ce aka shuka a Kagoro.

5.0 Byang Kato

Babu wani ɗan yankin da ya kai wannan aƙida nesa kamar Byang Henry Kato. An haife shi a Kwoi a 1936, a gidan masu addinin gargajiya, ya kuma karɓi Kiristanci tun yana yaro a makarantar mishan. Ya yi karatu a Igbaja da Landan, ya zama babban sakataren ECWA a 1967, sa'an nan ya tafi makarantar tauhidi ta Dallas a Amurka inda ya sami digirin dokta. A 1973 aka zaɓe shi babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, mai hedikwata a Nairobi. Ya rasu a teku kusa da Mombasa a watan Disamba na 1975, yana da shekara 39, a shekarar da aka buga littafinsa Theological Pitfalls in Africa.

Matsayin Kato yana da fuska biyu. A fuska ta farko, ya ƙi yarda da Turawan da suka ce kakanninsa ba su san Allah ba. Ya nazarci addinin Jaba ya nuna cewa sun san Nom, ya kuma danganta wannan da abin da babi na farko na wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ya koyar, cewa halitta kanta shaida ce ga Mahalicci. A wurinsa ke nan, maganar rashin hujjar samuwar Allah ba ta ma taso ba, domin manomin da bai taɓa ganin littafi ba ya karanta hujjar a sama da ƙasa. A fuska ta biyu, ya yi jayayya da masana irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Jami'ar Ibadan, waɗanda yake ganin sun ɗaukaka addinin gargajiya har sun kusa daidaita shi da bishara. Ya dage cewa sanin da ake samu daga halitta bai kai ga ceto ba, kuma Littafi Mai Tsarki marar kuskure shi kaɗai ne ma'auni.

An yi masa raddi mai zafi. Mbiti ya soki littafin, daga baya kuma Kwame Bediako na Gana, a littafinsa na 1992, ya nuna cewa Kato ya ɗauko tsarin tunani ne daga Amurka ya ɗora wa Afirka. Magoya bayansa kuwa suna ganin ya tsare wa ikilisiya tushenta. Shekara uku bayan rasuwarsa, a 1978, masu wannan ra'ayi suka fitar da Sanarwar Chicago, wadda ta zama madogararsu. Cocin Katolika, wanda shi ma ya kafu sosai a yankin, ya bi wata hanya: babban taronsa na biyu na Batikan ya faɗa a 1965 cewa Littafin yana koyar da gaskiyar da Allah ya nufa domin ceton mutane ba tare da kuskure ba, lafazin da ya bar fili ga masu nazarin tarihi.

6.0 Abin da Ƙasa Ta Ɓoye da Abin da Ta Tona

Ba nisa da mahaifar Kato, ƙasa ta ba da nata darasin. A 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da wani ɗan gunkin yumɓu a Nok, ba a kuwa san darajarsa ba. Sai a shekarun 1940 Bernard Fagg ya ga wani kan yumɓu da aka samo a yankin Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa don korar ɓarna, ya gane cewa aikin al'umma ɗaya ne. Tonon da aka yi a Taruga a shekarun 1960 ya fito da matoyar ƙarfe, binciken Jami'ar Frankfurt da ya fara a 2005 kuma ya kai farkon wannan al'ada zuwa wajen shekara 1500 kafin Miladiyya. Duk da haka, har a 1963 masanin tarihi na Ingila Hugh Trevor-Roper yana faɗin cewa Afirka ba ta da tarihin da za a koyar, ban da na Turawan da suka zauna cikinta. Ashe tarihin yana kwance a ƙarƙashin gonakin Jaba.

Masu kare Littafi Mai Tsarki suna da misalai irin wannan. Ba a san sunan Belshazzar na Littafin Daniyel a wani rubutun Babila ba, sai da aka tono rubutun Sarki Nabonidus a Ur a 1854. A 1961 aka sami dutse mai ɗauke da sunan Bilatus a Kaisariya. A 1993, lokacin da wasu masana ke shakkar ko an taɓa yin Sarki Dauda, sai aka tono wani dutse a Tel Dan mai ambaton gidan Dauda. Waɗannan duk sun nuna haɗarin gaggawar yanke hukunci da shirun ƙasa.

To amma adalci ya wajabta a ambaci ɗaya ɓangaren. Rubutun da ya tabbatar da Belshazzar shi ne kuma ya nuna cewa ɗan Nabonidus ne, alhali Littafin Daniyel ya danganta shi da Nebukadnezzar, abin da masu kare littafin ke fassarawa da cewa kalmar uba tana ɗaukar ma'anar magabaci. A Yariko, John Garstang ya yi tono daga 1930 zuwa 1936 ya ce ya ga ganuwar da ta faɗi a zamanin Joshuwa. Kathleen Kenyon ta sake tonon daga 1952 zuwa 1958 da dabarun da suka fi inganci, ta gano cewa birnin ya rushe tun wajen 1550 kafin Miladiyya, tun kafin lokacin da ake sa ran zuwan Isra'ilawa. Bryant Wood ya ƙalubalance ta a 1990, amma awon shekarun ƙonannen hatsi da aka buga a 1995 ya goyi bayanta. Haka kuma Littafin Fitowa ya ce maza wajen 600,000 ne suka bar Masar, ban da mata da yara, kuma sun yi shekara 40 a jeji, amma binciken da aka yi a hamadar Sina bai fito da alamar taro mai wannan yawa ba. A nan ma'aunin da aka ambata a baya ya shigo: 'yan makiyaya kaɗan suna iya wucewa ba sawu, amma jama'a mai yawan gaske ta fi kama da garken shanu a gonar damina. Shi ya sa wasu masana Kirista suka koma suna cewa kalmar Ibrananci da aka fassara da dubu tana iya nufin iyali ko rukuni.

Abin da za a fahimta shi ne, gano Bilatus ko Dauda ya tabbatar da wannan gaɓa kaɗai, bai tabbatar da cewa babu kuskure a ko'ina ba, kamar yadda shirun Sina bai rushe littafin dukansa ba. Daɗin daɗawa, rashin shaida takobi ne mai kaifi biyu. Littafin Sarakuna na Biyu ya ce Yekoniya yana da shekara 18 ya hau gadon sarauta, amma a yawancin kwafen Ibrananci na Littafin Tarihi na Biyu an rubuta 8. Masu aƙidar rashin kuskure suna cewa kuskuren mai kwafa ne, ba ya cikin rubutun asali. Amsar tana da ma'ana, sai dai rubutun asalin babu shi a hannun kowa a yau. Ke nan aƙidar kanta ta dogara da abin da ba a gani ba, watau matsayin bangaskiya ce wadda tono ba ya iya tabbatarwa ko rushewa baki ɗaya.

7.0 Kafanchan, 1987

Waɗannan batutuwa ba su tsaya a ɗakin karatu ba. Gardama tsakanin Musulmi da Kirista a kan ingancin Attaura da Linjila tsohuwa ce. A 1854 an yi wata shahararriyar muƙabala a Agra ta ƙasar Indiya tsakanin Shaihu Rahmatullah al-Kairanawi da ɗan mishan Karl Pfander, inda Shaihun ya yi amfani da binciken masanan Turai kansu, ya kuma faɗaɗa hujjojinsa a littafinsa Izharul Haƙƙi. A shekarun 1980 Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu ya farfaɗo da wannan salo, ƙasidunsa da kaset-kaset na muƙabalarsa, musamman wadda ya yi da Jimmy Swaggart a 1986, suka bazu cikin makarantun Arewa. A ɗaya ɓangaren kuma masu wa'azin Kirista suka shiga kafa hujja da ayoyin Alƙur'ani. Kowane ɓangare ya ƙware wajen neman tsaga a bangon maƙwabcinsa, yana neman irin shaidar da shi kansa ba zai so a neme shi da ita ba.

A ranar Juma'a 6 ga Maris 1987, ƙungiyar ɗalibai Kirista ta Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta shirya taron wa'azi, ta gayyato Rabaran Abubakar Bako, wanda a da Musulmi ne. Ɗalibai Musulmi suka zarge shi da karkatar da ma'anar ayoyin Alƙur'ani da taɓa martabar Annabi (SAW). Cacar baki ta zama faɗa, faɗa ya fita daga kwaleji ya shiga gari, cikin 'yan kwanaki kuma wutar ta kama Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. An rasa rayuka, an ƙona majami'u masu yawa da masallatai da dukiya. Gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Hansine Donli, ta tarayya kuma ta kafa kotu ta musamman a ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte. Masana tarihi sun nuna cewa akwai tsofaffin ƙorafe-ƙorafe na sarauta da filaye da kasuwa a ƙarƙashin rikicin, waɗanda suka sake ɓarkewa a Zangon Kataf a Fabrairu da Mayu na 1992. Amma ashanar da ta kunna na 1987 gardama ce a kan nassi.

8.0 Masu Musun Samuwar Allah

Waɗanda ke musun samuwar Allah ɗungum ba su taɓa yawa a yankin ba, amma hujjarsu ta iso ta hanyar jami'o'i, daga baya kuma ta intanet. W.K. Clifford ya koyar a 1877 cewa laifi ne mutum ya gaskata abu ba da isasshiyar shaida ba. William James ya mayar masa a 1896 cewa akwai al'amuran da ba su jiran shaida ta kammala, domin ƙin zaɓa a cikinsu shi ma zaɓi ne. Bertrand Russell ya kawo misalin butar shayi mai kewaya rana a 1952, don nuna cewa gazawar mai musu wajen ƙaryata da'awa ba ta wajabta masa yarda da ita ba. Antony Flew ya gina a kan haka a shekarun 1970, yana cewa nauyin kawo hujja yana kan mai imani, amma a 2004 ya bayyana cewa tsarin halitta ya sa ya karkata ga yarda da Mahalicci, ba tare da ya shiga wani addini ba.

In aka ɗora wannan a kan ma'aunin da aka kafa, za a ga cewa saɓanin ya koma ne ga sharaɗi na farko. Mai musu yana cewa Ubangiji mai son a san shi lalle zai bar alama bayyananniya, rashinta kuwa hujja ce. Mai imani, Musulmi ne ko Kirista ko mai bin Agwaza, yana cewa alamar ita ce duniyar kanta, kuma Mahalicci ba ɗaya ne daga cikin halittu ba balle a neme shi kamar buta ko ganuwar Yariko. Ashe ba a kan yawan shaida suka saɓa ba, a kan abin da ya cancanci a kira shaida ne. Tarihin ƙasar Hausa ma ya san irin wannan taƙaddama. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubuce-rubuce yana raddi ga wasu ɗaliban ilmin tauhidi na zamaninsa da ke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin hankali ba, yana nuna cewa imanin mutum bai rataya ga iya muhawararsa ba.

Batun yana da nauyi a aikace. An kama Mubarak Bala, shugaban wata ƙungiyar marasa addini ta Nijeriya, a Kaduna a watan Afrilu na 2020 saboda rubuce-rubucensa a Facebook, wata babbar kotu a Kano ta yanke masa ɗaurin shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage shi zuwa 5 a 2024, daga baya aka sake shi. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, har da na sauyawa, amma inda wannan 'yanci ya tsaya da inda cin zarafin addinin wani ya fara abu ne da kotuna da jama'a suka sha saɓani a kansa.

9.0 Kammalawa

Tarihin da aka bi ya nuna abubuwa uku. Na farko, sau biyu aka yi wa mutanen Kudancin Kaduna hukunci da rashin shaida, aka ce ba su san Allah ba, aka kuma ce ba su da tarihi, sau biyun kuwa hukuncin ya tashi a banza. Na biyu, ba kowane shiru ne marar ma'ana ba. Inda alama ta wajaba, aka kuma neme ta da kyau ba a samu ba, kamar a Yariko, wajibi ne mai gaskiya ya saurara, ko da zai sake duban yadda yake fassara nassinsa. Na uku, samuwar Allah da rashin kuskuren Littafi Mai Tsarki mas'aloli biyu ne mabambanta. Colenso ya bar ta biyu bai bar ta farko ba, Musulmi ba su taɓa riƙon ta biyu ba, Atyap na da kuwa sun san Agwaza tun ba su ga littafi ba.

Saboda haka, abin da rashin shaida ke iya ba mutum shi ne uzurin dakatawa da ci gaba da bincike. Bai kai ya ba shi yaƙinin cewa babu ba, haka kuma rashin abin ƙaryatawa bai ba mai imani ikon tilasta wa wani ba. Byang Kato da John Mbiti sun yi saɓani mai tsanani, amma da alƙalami suka yi shi, kuma har yau ɗaliban tauhidi suna amfana da abin da kowannensu ya rubuta. Saɓanin da aka yi a Kafanchan shekara 12 bayan rasuwar Kato bai bar wa kowa hujja ko ɗaya ba, sai kaburbura da kangaye da rashin yarda tsakanin maƙwabta, waɗanda yankin ya daɗe yana fama da su.